Idris Garba Kareka: Ɗan majalisar Jahun da ya hau kujerar Kakakin Majalisar Jigawa sau uku

Idris Garba, wanda aka fi sani da Kareka, ɗan siyasa ne daga Jihar Jigawa da ya wakilci mazaɓar Jahun a Majalisar Dokokin jihar ta shida da ta bakwai da ta takwas, a ƙarƙashin jam'iyyar APC. Sau uku abokan aikinsa suka zaɓe shi Kakakin Majalisa: a watan Yunin 2015, da watan Mayun 2019, da kuma watan Yunin 2019. A tsakanin hawansa na farko da na biyu sun tsige shi, a farkon shekarar 2017. Bayan hawa na uku kuwa ya riƙe kujerar shekara huɗu cur, har zuwa Yunin 2023, lokacin da ta koma hannun maƙwabcinsa na mazaɓar Miga. Idan aka haɗa duka, ya shugabanci majalisar fiye da shekara biyar da rabi.

Tafiyarsa ta siyasa hanya ce mai sauƙi ta fahimtar yadda iko ke gudana a Dutse. A cikinta ake ganin yadda ake rabon manyan muƙamai tsakanin shiyyoyin jihar uku, da yadda sa hannun mutum ashirin ke iya sauke mutum na uku a jerin masu mulkin jiha cikin zama guda, da kuma irin dokokin da ke fitowa daga zauren da jama'a ba su cika sa wa ido ba, alhali su ne suka fi kusa da rayuwarsu.

Muhimman lokuta

Yuni 2015: Majalisa ta shida ta zaɓe shi Kakaki.
3 ga Janairu, 2017: An tsige shi, an zaɓi Isa Idris na mazaɓar Gwaram.
Mayu 2019: An tsige Isa Idris, an mayar da shi kan kujerar.
Yuni 2019: Majalisa ta bakwai ta sake zaɓensa.
Fabrairu 2021: Dokar haramta cin zarafin jama'a ta fara aiki a jihar.
Disamba 2021: Majalisa ta amince da dokar kare yara.
Yuni 2023: Haruna Aliyu Dangyatin na mazaɓar Miga ya zama Kakakin majalisa ta takwas.

Jahun da shiyyar Jigawa ta Tsakiya

Jahun na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi bakwai da ke ƙarƙashin Masarautar Dutse. Sauran su ne Dutse, Kiyawa, Birnin Kudu, Buji, Gwaram da Miga. Waɗannan bakwai ɗin su ne kuma mazaɓar sanata da hukumar zaɓe ke kira Jigawa ta Kudu maso Yamma, amma a bakin jama'a da 'yan siyasa sunanta Jigawa ta Tsakiya. A Majalisar Wakilai ta Tarayya, Jahun da Miga kujera ɗaya suke rabawa, abin da ya sa siyasar garuruwan biyu ke haɗe da juna, ko ana shiri ko ana hamayya.

Ƙasa ce ta manoma da makiyaya, wadda ambaliyar damina kan taɓa ɓangarorinta. A wajen jihar kuma an san Jahun da babban asibitinta, inda ƙungiyar likitoci ta ƙasa da ƙasa, MSF, ke kula da mata masu haihuwa da masu lalurar yoyon fitsari tun shekarar 2008. Mata daga sassan Jigawa da jihohin da ke kewaye kan nufi garin domin wannan aiki.

A siyasance, shiyyar ta tsakiya tana da nauyin da ya zarce yawan kujerunta. A cikinta babban birnin jiha yake. Daga cikinta gwamnan farar hula na farko, Ali Sa'ad Birnin Kudu, ya fito a 1992, haka ma Sule Lamido na Bamaina, wanda ya yi gwamna daga 2007 zuwa 2015. Har bayan faɗuwar PDP a jihar, shiyyar ta ci gaba da zama inda jam'iyyar ke da saiwa mai zurfi, shi ya sa a zaɓen 2023 Mustapha Khabeeb na PDP ya lashe kujerar sanatanta, duk da cewa APC ce ta ci gwamna. Ɗan majalisar APC daga wannan yanki, ke nan, ba ya kwana da ido biyu rufe.

Majalisar da ya shugabanta

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ce ta ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Majalisar dokokinta ta farko ta zauna daga 1992 zuwa Nuwamban 1993, lokacin da Janar Sani Abacha ya rushe duk zaɓaɓɓun hukumomi. Ta biyu ta zo a 1999, daga nan kuma ake sabunta ta duk bayan shekara huɗu.

Majalisar tana da kujeru 30, ga ƙananan hukumomi 27. Kowace ƙaramar hukuma kujera ɗaya gare ta, ban da uku da ke da bibbiyu: Babura tana da ƙarin mazaɓar Kanya, Kafin Hausa tana da Bulangu, Gwaram kuma tana da Fagam. Idan aka kasa su bisa shiyya, Arewa maso Yamma, wato ƙasashen Gumel da Kazaure da Ringim, tana da kujeru 13. Arewa maso Gabas, ƙasar Haɗejiya, tana da 9. Jigawa ta Tsakiya ita ce mafi ƙaranci, da kujeru 8.

Wannan lissafi shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da ya faru da Kareka. Kakakin da ya fito daga shiyya mai kujeru takwas ba zai hau da ƙuri'un 'yan yankinsa kaɗai ba, kuma ko da dukkansu sun tsaya a bayansa ba su isa su hana a tsige shi ba, tun da sauran ashirin da biyun sun haura adadin da doka ke buƙata. Dole ne ya nemi yardar mutanen Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Ringim, ya kuma riƙe ta kullum.

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba majalisar jiha manyan ayyuka. Ita ke yin dokoki, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke tantance kwamishinoni, ita ke karɓar rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha, tana kuma da ikon kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayanin yadda aka kashe dukiyar jama'a. Idan gwamna ya ƙi sa hannu a kan ƙudiri cikin kwana 30, kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa na iya mayar da shi doka ba tare da shi ba. Kakaki ne ke jagorantar zama, shi ke ba da damar magana, kuma yana da babbar murya wajen rabon shugabancin kwamitoci. Sashe na 191 ya ƙara masa wani matsayi: idan kujerar gwamna da ta mataimakinsa suka zama babu kowa a lokaci guda, Kakaki ne zai riƙe jiha na tsawon da bai wuce wata uku ba. Haka ta faru a Adamawa a 2014, lokacin da Ahmadu Umaru Fintiri ya zama muƙaddashin gwamna bayan tsige Murtala Nyako.

Hawa na farko: guguwar 2015

Zaɓen 2015 ya juya siyasar Jigawa baki ɗaya. Guguwar Muhammadu Buhari da kiran "sak" sun kwashe kujerun sanata uku na jihar zuwa APC, Muhammad Badaru Abubakar na Babura, wanda ya sha kaye a hannun Lamido a 2011, ya doke Aminu Ibrahim Ringim na PDP, majalisar jiha kuma ta koma hannun APC da gagarumin rinjaye. Jam'iyyar da ta shafe shekara takwas tana mulki ta koma 'yar tsiraru a zauren.

Da aka zo rabon muƙamai, al'adar karɓa-karɓa ce ta yi aiki. Ba a rubuta ta a kowace doka ba, amma an daɗe ana bin ta: shiyyar da ta samu gwamna ba ta haɗawa da mataimaki ko Kakaki. A zamanin Lamido, gwamna daga tsakiya yake, mataimakinsa Ahmad Mahmud daga Gumel, Kakaki Adamu Ahmed Sarawa kuma daga ƙasar Haɗejiya. A 2015, gwamna ya fito daga Arewa maso Yamma, mataimakinsa Ibrahim Hassan Haɗejiya daga Arewa maso Gabas, don haka kujerar Kakaki ta faɗo wa Jigawa ta Tsakiya. Daga cikin wakilan shiyyar, majalisa ta shida ta zaɓi na Jahun.

Ya hau a lokacin da aljihun gwamnatoci ya yi sanyi. Farashin ɗanyen mai ya faɗi, kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ragu, kuma a 2016 tattalin arzikin Najeriya ya shiga karayar da aka daɗe ba a ga irinta ba. Sabon gwamnan ya yi suna wajen tsuke bakin aljihu, har jama'a suka laƙaba masa "Mai Kalkuleta". A irin wannan yanayi, Kakaki yakan tsinci kansa a tsakiya: ga 'yan majalisa da ke fuskantar buƙatun mutanen mazaɓunsu kullum safiya, ga kuma ɓangaren zartarwa da ke riƙe da makullin baitulmali.

Tsigewar Janairun 2017

Ranar Talata, 3 ga Janairu, 2017, 'yan majalisa 25 daga cikin 30 suka sa hannu a takardar tsige shi. Zargin da suka gabatar shi ne na kama-karya wajen tafiyar da majalisa da kuma amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba. A zaman nan take suka zaɓi Isa Idris, wakilin Gwaram, ya maye gurbinsa. Kareka ya sauka daga kujerar shugabanci, amma ya ci gaba da zama wakilin Jahun, domin tsige Kakaki ba ya taɓa kujerar da jama'a suka zaɓi mutum a kanta.

Abu biyu ne ya kamata a lura da su a nan. Na farko, zargin da aka yi masa zargin siyasa ne na abokan aiki, ba hukuncin kotu ba ne. Sashe na 92 na Kundin Tsarin Mulki bai ma nemi a kawo dalili ba. Abin da ya shar'anta kawai shi ne ƙudirin ya samu ƙuri'un aƙalla kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan majalisa, wato mutum 20 a Jigawa. Wannan ya sha bamban da tsige gwamna, wanda sashe na 188 ya gindaya masa matakai masu tsawo: takardar zargi da kashi ɗaya bisa uku suka sa wa hannu, miƙa ta ga wanda ake zargi, ƙuri'ar amincewa da bincike, kwamitin mutum bakwai da Alƙalin Alƙalan jiha zai naɗa, sannan ƙuri'ar ƙarshe. Tun bayan tsige Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna a watan Yunin 1981, gwamnonin da aka sauke ta wannan hanya ba su da yawa. Kakakin majalisa kuwa, ana iya sallamarsa tsakanin hantsi da azahar.

Na biyu, ko a cikin rikicin ba a karya ƙa'idar karɓa-karɓa ba. An cire ɗan Jahun, an ɗora ɗan Gwaram, dukkansu 'yan Masarautar Dutse. Rigimar ta kasance a kan wane ne zai riƙe kason shiyyar, ba a kan wace shiyya ce za ta riƙe ba. Haka nan rigima ce ta cikin gida, tsakanin 'yan jam'iyya ɗaya, domin 'yan adawa ba su da yawan da za su sauke kowa.

Dawowar 2019

Isa Idris ya riƙe kujerar shekara biyu da 'yan watanni. A watan Mayun 2019, bayan an kammala babban zaɓe, saura makonni kaɗan wa'adin majalisa ta shida ya ƙare, 'yan majalisar suka tsige shi, suka mayar da Kareka. Zauren da ya sauke shi da sa hannun mutum 25 shi ne dai ya sake ɗora shi, ba tare da an rantsar da sabuwar majalisa a tsakani ba.

Lokacin da aka zaɓa don yin wannan sauyi yana da ma'ana. Kakakin 'yan makonni ba shi da wani babban aikin doka da zai yi, amma wanda ke riƙe da sandar majalisa a ranar rufewa yakan shiga sabuwar majalisa da ƙafar dama. Haka kuwa aka yi: da aka rantsar da majalisa ta bakwai a watan Yuni, aka sake zaɓensa. A wannan karon APC ce ta lashe dukkan kujeru 30, ba a bar wa adawa ko ɗaya ba.

Irin wannan hawa da sauka ba a Jigawa kaɗai ake yin sa ba. A Kano, Kabiru Alhassan Rurum ya ajiye muƙamin Kakaki a 2017, aka ɗora Yusuf Abdullahi Ata, sannan a 2018 aka tsige Ata, Rurum ya dawo. A Legas, an tsige Mudashiru Obasa a Janairun 2025, ya koma kujerarsa a watan Maris na shekarar. A duk waɗannan wurare jam'iyya ɗaya ce ke da rinjaye, kuma masu nazarin siyasa kan kalli irin wannan sauyi a matsayin ma'aunin yadda dangantaka take tsakanin 'yan majalisa da gidan gwamnati, ko tsakanin ɓangarorin jam'iyyar da ke mulki.

Majalisar da babu adawa a cikinta ma ba ta rasa tata rigimar ba. A 2020 ta dakatar da wakilin Gumel, Sani Isyaku Abubakar, na tsawon wata shida. Dakatar da zaɓaɓɓen wakili batu ne da ake yawan jayayya a kansa a Najeriya, domin duk tsawon lokacin da aka hana shi shiga zaure, mutanen mazaɓarsa ne ke zama babu murya.

Dokokin majalisa ta bakwai

Dokoki biyu ne suka fi jan hankali a wa'adinsa na ƙarshe, kuma dukkansu sun samo asali daga dokokin tarayya da ba sa aiki a jiha sai majalisarta ta amince da su.

Ta farko ita ce dokar haramta cin zarafin jama'a, wadda ake kira VAPP. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a 2015, amma a Abuja kaɗai take aiki. A watan Yunin 2020, bayan ƙorafin fyaɗe ya yawaita a faɗin ƙasa lokacin kullen korona, ƙungiyar gwamnonin Najeriya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan matsalar, ta kuma nemi jihohi su karɓi dokar. Majalisar Jigawa ta amince da tata, Gwamna Badaru ya sa hannu a watan Fabrairun 2021. Dokar ta tsananta hukuncin fyaɗe, ta kuma tanadi diyya ga waɗanda aka zalunta.

Ta biyu ita ce dokar kare yara. Tun 2003 aka yi dokar haƙƙin yara ta tarayya, amma jihohin Arewa da dama suka ƙi karɓarta, musamman saboda sashen da ya haramta aurar da wanda bai kai shekara 18 ba. Jigawa ta daɗe a cikin wannan sahu. A watan Disambar 2021 majalisar ta amince da nata ƙudirin, gwamna kuma ya sa hannu a cikin watan. Dokar ta tanadi hukuncin kisa ga wanda aka samu da laifin yi wa yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara goma fyaɗe, kamar yadda kwamishinan shari'a na lokacin, Musa Adamu Aliyu, wanda daga baya ya zama shugaban hukumar ICPC, ya bayyana. Sai dai majalisar ta cire sashen ƙayyade shekarun aure kafin ta amince.

Wannan cirewar ta raba ra'ayi. Masu goyon baya suka ce shari'ar Musulunci, wadda mafi yawan mutanen jihar ke bi a harkar aure, ba ta ɗaura aure a kan adadin shekaru ba, kuma da an dage a kan sashen da dokar gaba ɗayanta ta sake kwanciya, kamar yadda ta kwanta kusan shekara ashirin. Masu suka, ciki har da ƙungiyoyin kare haƙƙin mata da yara, suka ce an zare wa dokar ƙashin bayanta, suna nuni da yawan 'yan matan da ake cirewa daga makaranta da kuma haɗarin doguwar naƙuda ga yarinyar da jikinta bai gama ƙosawa ba, wadda ita ce kan jawo yoyon fitsari. Muhawarar tana da nauyi na musamman ga Kakakin da asibitin masu wannan lalura ke cikin mazaɓarsa. Kuma an yi ta ne a zauren da babu mace ko ɗaya a cikin mambobinsa 30, yanayin da bai sauya ba a majalisa ta takwas.

Batun 'yancin kuɗin majalisa

Zamanin Kareka ya zo daidai da doguwar fafutukar raba asusun majalisun jihohi da hannun gwamnoni. Tushen matsalar a fili yake: majalisar da sai gwamna ya sa hannu kafin ta samu kuɗin man janareta ko na tafiyar kwamiti, da wuya ta tsare gwamnan nan da tambaya. Daga nan ne laƙabin "'yan amshin Shata" ya bi majalisun jihohi da yawa.

A gyaran Kundin Tsarin Mulki na 2010, Majalisar Tarayya ta amince a ba majalisun jihohi 'yancin kuɗinsu, amma da aka kai batun gabansu ba a samu majalisu 24 da ake buƙata ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Sai a 2018 gyaran ya wuce, Shugaba Buhari ya sa hannu. Da jihohi suka yi ta jan ƙafa, a watan Mayun 2020 ya fitar da Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 10, wanda ya ba Akanta Janar na Tarayya damar cire kuɗin majalisa da na kotuna kai tsaye daga kason duk jihar da ta ƙi biya. Gwamnoni suka garzaya Kotun Ƙoli, ita kuma a Fabrairun 2022 ta soke umarnin, bisa hujjar cewa shugaban ƙasa ya wuce hurumin da doka ta ba shi. A tsakanin nan, ƙungiyar ma'aikatan majalisun dokoki, PASAN, ta tafi yajin aiki a 2021, ta rufe majalisun jihohi na tsawon makonni. A watan Maris na 2023 Buhari ya sa hannu a wani sabon gyaran da ya ƙara fayyace hanyar biyan kuɗin.

Ke nan kusan duk shekarun da Kareka ya yi a kan kujera, 'yancin majalisa yana tsakanin takarda da aiki. Wannan yana taimakawa wajen fahimtar dalilin da ya sa rigingimun majalisun jihohi suka fi karkata ga wanda zai shugabanci zaure, fiye da yadda za a binciki ma'aikatu.

Zaɓen 2023 da sauka daga kujera

A zaɓen gwamna na Maris 2023, Umar Namadi na Kafin Hausa, wanda ya yi kwamishinan kuɗi sannan mataimakin gwamna a ƙarƙashin Badaru, ya doke Mustapha Sule Lamido na PDP da Aminu Ibrahim Ringim na NNPP. Mataimakinsa, Aminu Usman, daga Gumel yake. Gwamna ya koma gabas, mataimaki ya koma yamma, kujerar Kakaki kuma ta ci gaba da zama rabon tsakiya.

Kareka ya sake cin zaɓen Jahun, ya kuma nemi ci gaba da shugabanci a majalisa ta takwas. Wannan karon ba a yi maslaha ba, sai da aka kaɗa ƙuri'a a zaure, kuma Haruna Aliyu Dangyatin na Miga ne ya yi nasara. Sani Isyaku Abubakar, wanda majalisar baya ta dakatar, ya zama Mataimakin Kakaki. Sarki goma, zamani goma: sabon gwamna ya zo, sabon shugabanci ya biyo baya a majalisa, Kareka kuma ya koma kujerar wakilin Jahun a karo na biyu bayan ya ɗanɗana shugabanci.

Da wannan, duk mutum ukun da suka riƙe kujerar Kakaki tun daga 2015, wato na Jahun da na Gwaram da na Miga, 'yan Jigawa ta Tsakiya ne. Muddin gwamna da mataimakinsa suna fitowa daga sauran shiyyoyin biyu, ana sa ran haka za ta ci gaba. Ranar da ɗan Masarautar Dutse ya sake zama gwamna kuwa, kujerar za ta tashi daga shiyyar, komai ƙwarewar wanda ke kanta.

Abin da doka ta bar wa masu zaɓe

Mutanen Jahun ba su da ƙuri'a a zaɓen Kakaki ko tsige shi. Wannan hurumin 'yan majalisa ne kaɗai. Amma kujerar wakilci tasu ce, kuma doka ta ba su hanyoyin riƙe ta.

Sashe na 110 ya tanadi kiranye. Idan fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa suka sa hannu cewa sun yanke ƙauna daga wakilinsu, hukumar INEC za ta tantance sa hannun, sannan ta gudanar da ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Hanya ce mai wuya, kamar yadda yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye a Kogi ya nuna a 2018, lokacin da ya rushe tun a matakin tantancewa. Sashe na 104 ya wajabta wa majalisa zama aƙalla kwana 181 a shekara, wanda ke nufin akwai ma'aunin da za a iya auna ƙwazonta da shi. Zaman kare kasafin kuɗi da kwamitoci ke yi da ma'aikatu, da zaman jin ra'ayin jama'a kan ƙudirori, su ne wuraren da ƙungiyoyin matasa da na mata ke iya shigar da buƙatunsu kafin abu ya zama doka.

Tun ranar 31 ga Mayu, 2018, lokacin da aka sa hannu a gyaran da ya rage shekarun tsayawa takara, ɗan shekara 25 na iya neman kujerar majalisar jiha, maimakon 30 da ake buƙata a da. Sauran sharuɗɗan su ne zama ɗan ƙasa, da ilimin da ya kai matakin kammala sakandare, da kuma jam'iyyar da za ta tsayar da mutum. Shingen da ya rage shi ne na kuɗin fom da zaɓen fid da gwani, inda wakilan jam'iyya da manyanta ke da ta cewa fiye da talakan mazaɓa.

Wa'adin majalisa ta takwas zai ƙare a watan Yunin 2027. Kafin nan za a sake zaɓen kujeru 30, ciki har da ta Jahun, kuma shiyyar da gwamna ya fito ce za ta sake nuna inda sandar majalisa za ta dosa.